Hannuna Ba Ya Buɗewa Sai Hantsi, A Gida Kuma An Ce Son Jiki Ne

Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lafiya.

Ni matar aure ce a Argungu, shekaruna 31, 'ya'yana uku, ɗinki ne sana'ata. Ban daɗe da yin arba'in ɗin autana ba, yau shekara biyu ke nan da 'yan watanni, na fara tashi da asuba in iske yatsuna sun kumbura sun ƙage, ko ɗaurin zane sai da hawaye, ba sa sakewa sai hantsi. Daga yatsu ya kama wuyan hannu, ya sauka gwiwa da ƙafa, dama da hagu. Aka ce sanyin jego ne. Na sha saiwoyi, an yi mini ƙaho, na sha haɗin kemis har ƙirjina ya fara zafi. Wasu suka ce jifa ne. Wata uku da suka wuce yayana ya kai ni babban asibiti, aka ɗibi jini, likita ya ce amosanin gaɓɓai ne mai suna rumatoyid, wai garkuwar jikina ce ke cin gaɓɓaina. Ya ɗora ni kan wata ƙwaya, metotireksat, sau ɗaya a mako, da folik asid, da furedinisolon na ɗan lokaci. Ya ce kada in yarda in ɗauki ciki ina shanta. Wannan maganar ban gaya wa maigida ba, don uwarsa ta daɗe tana cewa son jiki ke damuna, mace da ƙuruciyarta ba ta amosani, har ta fara zancen ya ƙaro aure.

A layin asibiti wata baiwar Allah ta karɓi lambata ta sa ni a wani zauren WhatsApp na masu ciwon gaɓɓai da lufus, wani ciwon da shi ma garkuwar jiki ce ke rikicewa. Gwaggo, ranar farko kuka na yi, don ban taɓa faɗin abin da nake ji aka ce mini "mu ma haka" ba sai ranar. Amma yanzu zauren ya fara hana ni barci. Wata ta sa hoton hannunta duk ya karkace. Wata ta ce ƙwayar da nake sha ta masu ciwon daji ce, tana kashe mahaifa. Wata kuma tana sayar da wani jiƙo a gora, ta ce kwana uku ya tashe ta. Mako bakwai ina shan ƙwayar ban ga wani sauƙi na a zo a gani ba sai tashin zuciya, makon jiya ma ban sha ba. Maigida ya ce in fita daga zauren, tunda kullum in na ajiye waya sai ya ga idona ya yi ja.

In fita ko in zauna? In bar ƙwayar in gwada jiƙon? Kuma yaya zan yi mutanen gida su yarda ciwo nake da gaske?

Ɗiyarki daga Argungu

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu ɗiyata, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Tambaya uku kika yi, amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba ya cikinsu. Yana can tsakiyar wasiƙar, inda kika wuce shi da sauri: likita ya ce kada ki ɗauki ciki, ke kuma kin yi shiru ba ki gaya wa mijinki ba. Kuna ɗaki ɗaya, kin yaye yaro, shekarunki 31, kuma ba ki ce mini kina kan wata hanya ta tazarar haihuwa ba. Metotireksat tana iya zubar da ciki, in ma cikin ya tsaya tana iya taɓa halittar ɗa tun makonnin farko, lokacin da mace ba ta ma san ta samu ba. Wannan maganar ba ta jiran mako mai zuwa. Daren nan, in yara sun kwanta, ki gaya masa. Gobe ku je asibiti mafi kusa a yi miki gwajin ciki, ki nuna katin maganinki a sashen tsarin iyali su duba hanyar da ta dace da ke. In gwajin ya nuna akwai ciki, kada ki ƙara haɗiyar ko guda ɗaya, ki ci gaba da folik asid, ki nemi likitanki a ranar.

Na san abin da ya ɗaure miki baki. Kina tsoron maganar ta fita daga ɗakinki ta isa ɗakin surukarki ta koma "ai ta gama haihuwa". To ki riƙe gaskiyar da kyau don ki faɗe ta daidai. Ƙwayar nan, a awon da ake ba masu ciwonki, ba ta kashe mahaifa. Cikin da aka ɗauka ana shanta shi take cutarwa. Ranar da ciwon ya kwanta kuka so ƙari, likita zai tsayar da ita, a jira ta fita daga jiki, galibi wata uku ake cewa, ya mayar da ke kan magungunan da ake sha da ciki, irin su haidiroksikulorokwin da salfasalazin. Mata masu rumatoyid suna haihuwa, da yawansu ma jiki kan yi musu sauƙi lokacin goyon ciki, sai bayan sun sauka ciwon ya sake motsawa. Saboda haka abin da za ki ce wa maigida shi ne a dakata har jiki ya warware, kuma shi ne mutum na farko da ya kamata ya ji. In ya ji daga bakinki, ya zama abokin shawara. In ya tsinta daga baya, ko Allah ya kiyaye wani abu ya faru, ɓoyewar ce za ta fi yi masa ciwo.

Yanzu mu zo ga uwar mijinki. Ba zan ce mugunta take yi miki ba, wani ciwon daban take nufi. Amosanin da ta sani na tsufa ne, wanda gurunguntsin gwiwa ko kwankwaso ke cinyewa saboda shekaru da nauyi da wahala, yana ƙaruwa in an yi aiki, yana lafawa in an huta. A kan wannan tana da gaskiya, ba kasafai yake kama mai shekara 31 ba. Naki ba shi ba ne. Kowace gaɓa tana da wani siririn tantani a ciki da ke samar da ruwan da ƙashi ke zamewa a kai. A rumatoyid garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ke rikicewa ta hau wannan tantani, kamar mai gadin da ya daina gane masu gida. Tantanin ya kumbura ya yi kauri, gaɓa ta cika da ruwa ta yi zafi, in an bar shi shekara da shekaru ya ci gurunguntsi ya taɓa ƙashi. Shi ya sa yake kama dama da hagu tare, shi ya sa ya fi tsanani bayan kin kwana ba motsi, kuma shi ya sa kike jin gajiyar da barci ba ya kawarwa, don kumburin ba a gaɓa kaɗai ya tsaya ba, har jini yakan rage. Masu cewa sanyin jego sun lura da wani abu na gaskiya, domin watannin bayan haihuwa suna cikin lokutan da ciwon ya fi farawa ko tashi. Sai dai sanyi bai haddasa shi ba, hunturu dai yana sa mai shi ya fi jin jiki. Ba a ɗaukarsa wurin wani, ba za ki shafa wa mijinki ko yaranki ba, kuma ba ke kaɗai ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi a duniya, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne.

Yayata da muke ciki ɗaya da wannan ciwon ta rasu, Allah ya jiƙanta. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar jinya, ban san sunansa ba, mu duka sanyi muke cewa. Fiye da shekara ashirin tana fama, yatsunta suka kwanta gefe suka nufi ƙaramin yatsa, ƙarshe ni ke tsefe mata kai in ba ta fura a baki. Hoton da kika gani a zaure na san irinsa, na wanke irinsa da hannuna. Abin da nake so ki gane shi ne irin wannan hannun na wanda magani bai iske da wuri ba ne, ko ya iske aka yi ta yankewa. Gaɓar da ta riga ta lalace ba ta komawa, amma wadda ba ta lalace ba ana iya tsare ta, kuma shekarun farko su ne ciwon ya fi ɓarna. Kin riga kin rasa shekara biyu wajen ƙaho da saiwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ke yanzu abin da yayata ba ta samu ba yana hannunki, cikin ɗan ƙaramin kwali.

Matar da ta ce ƙwayarki ta masu ciwon daji ce ta faɗi rabin gaskiya. Don ciwon daji aka fara yin ta, har yau ana amfani da ita a can, amma da awo mai yawan gaske, wani lokaci ninki ɗari ko fiye. Abin da ake ba mai rumatoyid ɗan kaɗan ne, tsakanin miligiram 7.5 zuwa 25 a mako, kuma aikinsa lallashin garkuwar jiki ta sassauta. Tun 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan ciwo, kuma har yanzu ita ce ake fara bayarwa kusan ko'ina a duniya. Ba ta da gaggawa. Daga mako shida zuwa goma sha biyu ake fara ganin aikinta, wani lokaci sai an ƙara awo ko an haɗa ta da wata. Ke kina mako na bakwai, wato kin tsaya daidai bakin inda ake sa ran fara gani. Kada ki ninka don rama na makon da kika tsallake. In gwajin ciki ya fito babu, ki koma ranarki da awonki, ki kuma gaya wa likita kin tsallake mako guda, don kada ya zaci maganin ne ya gaza.

Tashin zuciyar da kike ji sananne ne, yana da dabara. Da yawa sun fi jin daɗin shanta da dare bayan tuwo, su kwana da ita. Folik asid ɗin nan da kike gani kamar ba komai shi ke rage tashin zuciya da gyambon baki, kada ki yi wasa da shi, ki sha a ranar da aka ce miki. In duk da haka abin ya ƙi, likita na iya ƙara shi, ko ya raba miki awon ki sha shi kashi-kashi cikin ranar nan guda, ko ya mayar da ke allura. Abu biyu kuma nake so ki haddace kamar sunanki. Sau ɗaya a mako ake shanta, rana guda tsayayya, wanda ya yi kuskure ya sha kullum yana iya rasa ransa, don haka ki ware ta daga sauran magunguna, nesa da yara. Sannan kada wani mai kemis ya ba ki Septrin, wanda a garuruwanmu ake miƙa wa mutum don tari ko gudawa ba tare da tambaya ba, domin haɗuwarsa da metotireksat tana iya durƙusar da ɓargon da ke yin jini. Duk inda za a rubuta miki magani, ko na zazzaɓin cizon sauro ne, ki fara cewa ga abin da nake sha. In kika ga zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko baki ya cika da gyambo, ko busasshen tari da numfashi sama-sama, ko ido ya yi rawaya, ko jini na fita ba dalili, ki dakatar da ita ki tafi asibiti ranar. Awon jinin da ake sa ki yi a kai a kai, na hanta da ƙoda da yawan jini, shi ne ke nuna matsala tun kafin ki ji ta a jiki, kada tsadar mota ta sa ki riƙa tsallake shi.

Jiƙon gora kuwa, kalmar "kwana uku" ita ta sa na ƙi shi. Rumatoyid ba ya kwanciya cikin kwana uku sai da sinadari irin furedinisolon ɗin da ke hannunki ko ɗan'uwansa deksametazon. A 1948 wani likita a Amurka, Philip Hench, ya fara yi wa wata mata 'yar shekara 29 mai wannan ciwo allurar kotizon, uban waɗannan magunguna. Matar da ba ta iya sauka daga gado, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Duniya ta ɗauka an gama da ciwon, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. Ba a jima ba aka ga kuɗin da jiki ke biya in an daɗe ana sha da yawa: fuska ta cika ta yi fam, ciwon suga, hawan jini, ƙashi ya yi rauni, yanar ido. Shi ya sa likitanki ya ce na ɗan lokaci, gada ce da za ki taka kafin ƙwayar mako ta kama aiki, kuma shi zai riƙa rage miki a hankali, don yanke shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana iya kayar da mutum. An sha kama magungunan da ake sayarwa da sunan gargajiya an daka irin waɗannan ƙwayoyi a ciki. Gorar da ba ta da rubutun abin da ke cikinta ba ki da hanyar sanin me kike zuba wa hantar da ke fama da metotireksat. Mai yiwuwa matar ta yarda da abin da take sayarwa har zuciyarta, kada ki zage ta, ki dai ce mata likita ya hana ki haɗa magani. Haɗin kemis ma ki yi ban kwana da shi. Zafin ƙirjin nan aikin su daikulofenak da Feldene ne da ake cusawa biyu uku a ƙulli ɗaya, suna ƙona ciki suna gajiyar da ƙoda, kuma ciwo kawai suke dannewa, gaɓa na ci gaba da lalacewa a ƙarƙashi. Ki gaya wa likita zancen zafin ƙirjin.

To, zaure. Ni ban ce ki fita ba. Kukan da kika yi ranar farko na san darajarsa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma shekara biyu kina bayani ana kallonki kamar mai ƙarya. Akwai abin da likita ba zai taɓa gaya miki ba don bai taɓa ƙoƙarin murɗe murfin galan da kumburarren hannu ba. Waɗannan mata sun san ranar da layin asibiti ya fi sauƙi, sun san inda ake samun ƙwayar in ta yanke a gari, sun san yadda ake goya yaro ba a ɗaure da yatsu ba, kuma in ciwo ya tashe ki ƙarfe uku na dare akwai wadda idonta biyu. Wannan ki karɓa hannu biyu. Abin da ba za ki karɓa daga gare su ba shi ne hukuncin magani, a fara, a bari, a ƙara ko a rage. Ko da mai maganar ta shekara ashirin da ciwon, jikinta ta sani, ba ta ga awon jininki ba. Ki lura ma zauren naku haɗaka ne. Mai lufus ana ce mata ta guji rana, ana sa ido kan ƙodarta. Mai amosanin tsufa ba ta buƙatar ƙwayarki ko kaɗan. Mai ciwon gawut, wani nau'in ciwon gaɓɓai daban, shi ake hana wa yawan jan nama da kayan ciki. In kowa ya zuba dokarsa a faifai ɗaya, sai ki wayi gari an hana ki nama da kuɓewa da tumatir da tsami, ki rame a banza, alhali babu wani abinci da aka tabbatar yana warkar da rumatoyid. Ki ci abincinki, ga kifi Allah ya hore muku a Argungu, ki dai kula kada furedinisolon ya buɗe miki ciki ki yi nauyin da gwiwa za ta yi kuka.

Akwai kuma wani abu da ke sa irin wannan zaure ya fi gaskiyar ciwon duhu. Wadda maganinta ya karɓe ta tana kasuwa, tana makaranta, tana bikin ƙanwarta, ba ta da lokacin rubutu. Wadda jiki ya tsananta wa ita ke kwance da waya a hannu. Don haka in kika ƙirga saƙonni za ki zaci kowa ƙara lalacewa yake, alhali masu sauƙin shiru suka yi. Maigidanki idonki ya gani ya yi ja, kuma ya yi daidai da ya damu. Ki ɗauki damuwarsa ki gyara yadda kike shiga. Ki kashe ƙarar zauren, ki hana hotuna sauka da kansu, ki sa wa kanki lokaci da rana, bayan isha'i kuma waya ta kwana nesa da matashi, don rashin barci kansa yana ƙara jin ciwo. Cikin matan ki zaɓi biyu ko uku masu irin ciwonki, masu zuwa asibiti, masu natsuwa a magana, ku riƙa gaisawa ku kaɗai. In da 'yar Birnin Kebbi ko Sakkwato a ciki, ku daidaita ranar ganin likita ku haɗu ido da ido, zumunta a ƙafa take. Kada ki sa takardar gwajinki mai ɗauke da sunanki, kada ki zuba sirrin aurenki inda ba ki san adadin masu karantawa ba, kada ki tura kuɗi ga wanda ba ki taɓa gani ba. Duk abin da kika ji ya tsorata ki, ki rubuta a takarda ki kai wa likita, ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma kina da fuska wurin mai kula da zauren, ki ba ta shawara a hana talla, a kuma riƙa neman izini kafin a sa hoto mai tayar da hankali. In kin yi duk wannan wata guda har yanzu kina kwana da kuka, ki fita ki riƙe lambobin mutum biyun nan. In kukan ya bi ki har wajen zaure, abinci ya fita ranki, komai ya daina yi miki daɗi, wannan ma ki faɗa wa likita, don baƙin ciki mai nauyi yana yawan rakiyar wannan ciwo kuma ana maganinsa.

Mutanen gida ba za ki shawo kansu da yawan bayani ba. Gani ya kori ji. Zuwa na gaba maigida ya raka ki, ya shiga ɗakin likita, ya ga takardar awo, ya yi tambayarsa da bakinsa. Shi zai fi iya gaya wa mahaifiyarsa, kuma daga bakinsa za ta fi ji. Ke naki ladabi da gaisuwa, kada ki ja da ita. In kin samu hali wata safiya, ki je gaishe ta tun hannun bai sake ba, ki ce, "Inna, taɓa ki ji." Gaɓar da ke kumbure tana da ɗumi, tsohuwar da ta yi jinyar mutane za ta gane. Yayanki da ya kai ki asibiti shi ma kada ki bar shi a baya, irinsa ake so a zauna da shi in magana ta yi nauyi. Zancen ƙarin aure kuma kada ki bari ya tura ki ɗaukar ciki don ki nuna kina nan, jikinki da ɗan da za a haifa su za su biya.

Ki sake tsarin yininki ya bi halin ciwon. Ki kwana da ruwan zafi a fulas, da asuba ki sirka ya yi ɗumi, ki tsoma hannu minti goma kina buɗewa kina rufewa, da shi za ki yi alwala. Ranar da gwiwa ta ƙi, ki yi sallarki a zaune, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. In azumi ya zo, ƙwayar mako ba ta hana shi tunda ana iya shanta bayan buɗa baki, amma ki tambayi likita yadda za ki jera sauran. Daka da matse wanki da tuƙin tuwon gida duka su suka fi cin ƙananan gaɓɓai, a kai niƙa inji, a raba sauran da yara da duk wanda ke gidan. Tukunya ki ɗauke ta da tafin hannu biyu, bokiti ki rataya a damtse ko ki rage ruwan. Kujera 'yar tsuguno ki canza ta da mai tsayi, a ban ɗaki ma kafinta zai iya yi miki kujera mai rami. Ranar da gaɓa ta yi zafi ta kumbura ki hutar da ita, ranar da ta lafa ki motsa, ki taka, don kwanciya kullum tana ƙara ƙagewa tana cinye tsoka.

Ɗinki kada ki sayar da kekenki. Yanka ki bar shi sai bayan azahar lokacin da hannu ya saki, ki naɗe hannun almakashi da tsumma ya yi kauri, ki sa a wasa shi sosai. Ki ɗauki yarinya mai koyo ta riƙa yi miki yanka da guga da sa maɓalli, ke ki zauna kan keke da tsara ɗinki, ki riƙa tashi kina miƙewa duk rabin awa. Gab da salla ki ƙayyade kayan da za ki karɓa tun da wuri, don kwana uku kina raba dare kan keke na iya jawo miki mako biyu a kwance. Maganin nan na dogon zango ne, kuɗinsa da na awo da na mota suna taruwa, saboda haka ki sa maigida ko yayanki su je ofishin KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kebbi, su tambayi yadda ake shiga da abin da tsarin ke ɗauka. In a inda ake duba ki babu likitan da ya ƙware kan gaɓɓai, ki roƙi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, ko da sau biyu a shekara ne ya riƙa ganinki, sauran awon a yi kusa da gida.

Ki gaishe mini da baiwar Allahn da ta karɓi lambarki a layi. Bayan kin yi magana da maigida kun dawo daga gwajin, ki rubuto mini in ji yadda kuka yi, ki kuma sake rubutowa in kin cika mako goma sha biyu, ki gaya mini ƙarfe nawa hannun yake buɗewa. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuri'a.

Gwaggonki